Ƙafar Kowa

Wani dare matar mai gyaran takalmi ta farka da wata ƙara a ɗakin gaba. Ba ta ɓera ba ce, ba kuma ta famfon da ke ɗiga ba, don shi wannan ta san muryarsa kamar ta ɗan cikinta. Wannan ƙarar ba ta da kaifi. Dum. Sai a yi shiru. Dum. Kamar mai saye yana ƙwanƙwasa kankana don ya ji ko ta nuna. Ta shafa gefen gado ta ji wayam, sai ta jawo zane ta fito.

Mijinta na zaune a kujerar katako, ya ɗora ƙafar hagu a kan gwiwar dama. Ƙaramar gudumarsa na hannunsa. Ya buga tafin ƙafar, sannan ya karkata kai yana saurare.

"Malam, mene ne haka?"

"Sallama nake yi," in ji shi. "Ba kowa a gidan."

Ta durƙusa ta zare gudumar daga hannunsa, ta juya ƙafar wajen haske tana neman ko ya ji rauni. Bai ji ba. Abin da ya tsinka mata zuciya shi ne yadda ya sakar mata gudumar ba gardama. Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa ganin ya bar wani ya riƙe ta ba, ko 'yarsu da take hawa wuyansa tana ja masa kunne.

Mutanen layin ba sa kiransa da sunansa, Ƙafar Kowa suke ce masa. Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar benen da suke haya, wani ɗan lungu da dogon mutum ba ya iya miƙewa a ciki, kullum yana warin gam da fata da man goge takalmi. Abin da ya jawo masa sunan kuwa, ba ya miƙa wa mutum takalmin da ya gyara sai ya sa shi a ƙafarsa ya taka. Allah ya yi shi da 'yan ƙananan ƙafafu, babu takalmin babba da ba sa shiga. Na ɗan sanda, na direban babbar mota, na budurwa mai tsinin dunduniya, duk sai ya zura ya yi tafiya daga bakin shago zuwa sandar wutar lantarki ya dawo. Na yara kuwa ya cusa yatsu ya danna, ya juya ya danna da dunduniya. In aka ga mutane sun tsaya suna dariya a layin, to an kawo masa na mata ne, yana tafe yana rangaji da furfurarsa, fuskar nan a murtuke kamar alƙali.

In an tambaye shi dalili sai ya ce haka maigidansa ya koya masa. Ƙusa munafuka ce, in ji shi. Hannu ya shafa ta, ta kwanta luf, sai nauyin mutum ya hau kanta ta ɗago kai. Don haka hannu ba ya shaida a wannan sana'a, ƙafa ce mai shaida. Yakan kuma ce takalmi ya fi mai shi gaskiya: ya duba inda dunduniya ta cinye ya gaya maka wane ne mai gaggawa, wane ne mai jan ƙafa zuwa wurin aikin da ba ya so.

Da ciwon suga ya same shi, shekarun baya, da raha ya karɓe shi. Ya ce zaƙin halinsa ne ya yi yawa har ya gangara cikin jini. Ya bar suga a shayi, ya koyi huda yatsa da safe ya ɗiga jini a ɗan injin awo, ya koyi haɗiyar ƙwayoyi. Sai dai a hankali gaisuwar mutane ta canja. Da can "ya aiki?" ake ce masa, yanzu kowa "ya sugan?" 'Yarsu da ke aure a wani gari in ta kira waya, kafin ta tambayi kwanansa sai ta ce, "Baba, nawa ya nuna yau?" In lambar ta yi kyau ta ce madalla, in ta hau ta ce, "Baba, me ka ci? Ba ni Mama." Ita kuma matar tasa, don tsabar so, ta zama mai gadi. Idonta na kan cokalinsa. In ya miƙa hannu wajen burodi sai ta yi gyaran murya. Yakan ce mata, "Mutuniyar, da gwamnati ta san da ke da ta ba ki kaki."

Ana nan, wata rana da tsakar rana ya rufe shago, ya shigo ya rataye makulli a ƙusar bayan ƙofa, ya kwanta ya juya wa ɗaki baya. Washegari bai buɗe ba. Jibi ma haka. Rediyon da ba ya rabuwa da shi ya yi shiru har ƙura ta hau shi. Gemu ya fito ya bar shi. Shayi ya huce a gefen gado har ya yi fata a sama. In ta kawo ƙwayoyi ya ce ajiye, anjima, anjiman kuma ba ta zuwa. Wannan ne ya fi tayar mata da hankali, don ta ga yadda ciwon ya yi da wani ƙanen mahaifinta da ya yi wasa da magani, aka fara da yatsa aka ƙare da gwiwa.

Ita duk a ganinta sugan ne ya hau ya kashe masa jiki, don haka ta ƙara tsaurara gadi. Ta rage shinkafa, ta ƙara ganye, ta ɓoye burodi a saman kabad. Ita kanta in za ta sha shayi mai zaƙi sai ta shiga kicin ta rufe ƙofa, ta juya cokali a hankali kada ya ji. Yana ji. Gidan ɗaki biyu ne.

Maƙwabciyarsu ta saman bene, wata gwauruwa da kowa ke kira Ta Bene, ba ta taɓa ganin abu ya wuce ba tare da ta jefa masa tambaya ba. Kullum tana jingine da ƙarfen baranda.

"Maƙwabciya, wai Ƙafar Kowa tafiya ya yi? Ko sugan ne? Kin gwada masa ganyen nan da na ce? Wata 'yar'uwata tafasawa ta yi ta sha, yanzu har alewa take tauna."

"Da sauƙi," in ji matar, ta wuce da bokitinta.

A cikin waɗannan kwanaki ne aka yi daren gudumar nan. Kwana kaɗan bayansa, masu takalma suka dame ta da sallama, kowa na neman nasa. Ta ɗauki makulli ta buɗe shagon don ta mayar wa kowa kayansa, gyararre ko ba gyararre ba. Takalman na jere a kan katako, baki buɗe, kamar 'yan tsaki masu jiran uwa. Tana cikin tura su a buhu sai ga Masinja, tsohon abokin mijinta, wanda ke yawon kai takardu daga ofis zuwa ofis tun suna samari. Silifas ne a ƙafarsa, yana ɗan ɗingishi.

"Matarmu, ina angon naki? Ya ɓuya mini."

"Yana ciki, jikin ne. Kai kuma me ya sami ƙafar?"

Masinja ya sosa ƙeya. Ya leƙa cikin shagon ya nuna wani baƙin takalmi da ke can gefe shi da ɗan'uwansa, ba a jera su da sauran ba.

"Bai gaya miki ba? Wancan ne. Ya sa mini sabuwar dunduniya, ya taka shi a gabana har sandar wuta ya dawo, ya ce lafiya lau. Ban kai ƙarshen layi ba na ji abu ya soke ni. Na daure na kai takardun mutane, kafin in dawo safa ta jiƙe da jini. Wallahi da wasa na zo masa. Na ce, kai Ƙafar Kowa, yau shaidarka ta ci hanci. Na zaci zai rama, kin san bakinsa. Sai ya karɓi takalmin ya sa, ya taka, ya sake takawa. Ya cire ya zura hannu ya danna da ƙarfi, ya fito da yatsa da jini. Ya dube ni ya ce, ban ji ba. Shi ke nan ya jawo ƙofa."

Ta tsaya da buhu a hannu. Ashe duk kwanakin nan da take ɓoye burodi, ba burodi ne a ransa ba.

"Ki ce masa ƙafa ta warke," in ji Masinja. "Ki ce masa ni jaki ne, bakina ya fi ƙafata sauri."

Ta tura takalman Masinja a buhun, ta rufe shago, ta shiga gida ta ajiye shi a bayan ƙofa. Ta zauna a bakin gado, wajen ƙafafunsa, ta ɗora su a cinyarta. Sun yi sanyi, fatar ta bushe. Ta ɗebo man shafawa tana murza su. Can ya yi magana, fuskarsa na bango.

"Ina ganin inuwar hannunki, na san kina shafawa. Amma kamar ƙafar maƙwabci kike shafawa."

"Na haɗu da Masinja."

Ya gyara kwanciya, bai juyo ba.

"Na gaji, mutuniyar," ya ce. "Ba ciwon ba, kiwon. Kamar an ba ni ajiyar jaririn da ba ya girma. Ka huda, ka auna, ka haɗiya, ka duba, gobe ka sake. In ya yi kyau ba wanda zai ce sannu, in ya ɓaci a ce me ka ci. Duk na yi abin da aka ce. Ga shi ya bi ta ƙasa ya ɗauke abu ɗaya da na iya. To kiwon na mene ne kuma?"

Bakinta ya ciko da irin maganar da ta saba, ta haƙuri da ta faɗa, ta ka dubi 'yarka. Ta haɗiye su duka. Ta ci gaba da murza ƙafar da ba ta jin ta, hawaye na ɗiga a kai, shi kuma bai san suna ɗiga ba.

Da ranar asibiti ta zo sai da ta yi da gaske kafin ya sa riga. Nas ɗin da ke duba masu suga wata mace ce mai faɗin fuska da ba ta gaggawa. Ta sa ya cire takalmi ya rufe ido, ta ɗauko wani ɗan zare mai tauri kamar gashin buroshi tana taɓa tafin ƙafarsa wuri wuri.

"Nan fa, Baba?"

"Kin fara ne?"

Ta ajiye zaren. Ta dubi gemunsa, ta dubi rigar da aka saka maɓallinta a karkace.

"Baba, yaushe rabonka da jin daɗin wani abu? Ko shayi, ko hira, ko barci."

"Ai sugan ne ya…" matar ta fara.

"Mama, bari ya faɗa da bakinsa."

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa a kan ɗan benci. Sannan ya ce ya manta. Ya ce da safe in ya buɗe ido sai ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji, kuma ba ya son mutuwa, amma bai ga abin tashi ba. Matar ta sunkuyar da kai. Shekara da shekaru suna kwana ɗaki ɗaya, sai ga shi a gaban baƙuwa take jin wannan.

Nas ta ce wannan nauyin ma ciwo ne, ba lalaci ba ne, ba kuma rashin godiya ba, kuma yana yawan bin masu suga saboda gajiyar kiwon da ba hutu. Ta ce akwai likitan da aikinsa ke nan, za ta haɗa su, su zauna su yi magana. Ta roƙe shi ya koma kan ƙwayoyinsa ko don abin da ya rage na ƙafar. Da matar ta ba ta labarin yadda yake gwada takalma, sai ta zaro ido.

"Takalmin mutane? Da ƙusoshi? A'a, Baba. Wannan kam an gama. Ƙafar nan ko tsakuwa ba a yarda ta taka ba."

A cikin motar haya da suke komawa ya jingina kai da taga.

"Kin ji ko," ya ce. "An yanke hukunci."

Ya je wurin likitan da aka ce, ya dawo ya koma gado. Ƙwayoyi kuwa wata rana ya sha, wata rana ya ce anjima. Ita dai ta sauko da burodi daga saman kabad ta ajiye a tebur inda kowa ke gani. Da 'yarsu ta kira ta ce nawa ya nuna, uwar ta ce, "Ki gaishe da ubanki tukuna, ba injin awo kika kira ba." Ta kuma daina rufe ƙofar kicin. Amma makulli na nan a ƙusarsa, buhun takalma na nan a bayan ƙofa, don ta kasa mayar wa mutane kayansu. Ta ga kamar in ta mayar, shi ke nan an rufe.

Wata safiya tana shara tsintsiya ta ture buhun, baƙin takalmin Masinja ya faɗo. Ta ɗauka tana juya shi. Ta zura hannu ta shafa ciki, sumul, ba ta ji komai ba. Ta ce a ranta, wai ina ƙusar take? Sai ta zare silifas ɗinta ta zura ƙafa. Takalmin ya yi mata yawa kamar kwalekwale. Ita kuwa mace ce mai ƙafar jariri, ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga takalminta sai an tsaya a hanya. Ta taka da ƙarfinta.

"Wayyo Allah!"

Ta dafe bango tana tsalle da ƙafa ɗaya. Daga ɗakin ciki, inda aka kwana biyu ba a ji an ɗaga murya ba, sai aka ce:

"Wace ƙafa?"

"Hagu! Wannan abokin naka ashe mutumin kirki ne da bai kai ka ƙara ba."

"Dunduniya ko gaba?"

"Dunduniya."

"Ta ciki ko ta waje?"

"Ina na sani, Malam? Ta soke ni dai."

"To ba haka ake yi ba." Ta ji gado ya yi ƙara. "Wa ya ce ki faɗa masa gaba ɗaya kamar buhun gishiri? A hankali ake sauke nauyi. Gefen waje tukuna, sannan ki mirgina ƙafar ciki. Inda ta fara gaishe ki, nan take."

Ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, riƙe da labule, gemu buzu buzu. Ta sake takawa yadda ya ce, tana cije leɓe.

"Ciki. Can kusa da ƙarshe."

"Na sani," in ji shi a hankali. "Ta ƙarshen ce. Doguwa na sa, gajerun sun ƙare." Ya miƙo hannu. "Kawo."

Ya juya takalmin, ya danna wurin da babban yatsa, ya duba hagu da dama kamar mai neman abu a ɗakin. Ƙarfen da ake kifa takalmi a kai yana shago. Ta ga idonsa ya je kan makulli ya dawo. Ta shiga kicin ta ɗora ruwan zafi, tana wanke kofin da yake a wanke. Sai da ta ji ƙarar ƙofar waje sannan ta saki numfashi.

Da ta fito da shayi da ƙwayoyinsa a ɗan faranti, ya buɗe ƙofar shagon rabi, yana zaune a kujerarsa cikin duhun lungun, ya kifa takalmin a kan ƙarfe. Ta ajiye farantin kusa da gwangwanin ƙusa. Ya zare doguwar da filaya, ya ɗaga ta wajen haske ya harare ta, ya tona gwangwani har ya samo wata gajera a ƙasa. Bugun farko ya kauce. Ya tsaya, ya ɗauki ƙwayoyin ya watsa a baki ya kora da shayi, ya ɓata fuska.

"Shayin nan kamar wanda aka yi wa gori."

"Sha dai."

Ya buga, ya buga, ya shafa. Sai ya sunkuya zai zare nasa takalmin, yadda ya saba tun yana saurayi. Hannunsa ya kai igiya ya tsaya. Ya daɗe a sunkuye. Ita kuma ta miƙo ƙafarta ta ajiye a gabansa, ba ta dube shi ba.

Ya sa mata. Ya ɗaure igiyar da kansa, ya ja ta da kyau don kada ya fita.

"Har sandar wuta," ya ce. "Kada ki yi sauri. Kuma ki daina wannan fuskar, aiki ne ba wasa ba."

Ta tafi ƙwaf, ƙwaf, ƙafa ɗaya takalmin Masinja, ɗaya silifas, gefen waje tukuna sannan ciki. Mai shagon kayan miya ya leƙo. Wasu mata biyu da ke wucewa suka rufe baki. Ta taɓa sandar ta juyo.

"Lafiya lau," ta ce.

"Kin tabbata? Ba don ki faranta mini ba?"

"Ni da ƙafata zan yi wa ƙarya? In da ƙusa ai da duk layin nan ya ji."

Ya cire mata, ta zaro ɗan'uwansa daga buhu, ya ajiye su tare. Ya zauna yana kallon buhun da ta jawo ta jingine a bakin ƙofa. Ta ga gajiyar ta dawo masa fuska, kafaɗunsa sun sauka, kamar wannan ɗan aikin ya cinye abin da ya tara. Ya zura hannu a buhun ya fito da wani jan takalmin mata mai tsinin dunduniya, dunduniyar na lilo. Ya riƙe shi a cinya. Bai kifa shi a ƙarfe ba, bai kuma mayar ba. Ita ta zauna a dokin ƙofa tana murza inda ƙusa ta soke ta.

Daga sama Ta Bene ta leƙo ta kan ƙarfen baranda, ta dubi ƙofar da ke rabi a buɗe, ta dubi buhun, ta dubi su biyun.

"Maƙwabta, wai an buɗe ke nan, ko kaya kuka zo kwashewa?"